Ƙauna a Bakin Gadon Asibiti

Ku da kuke wannan aji ba baƙin jinya ba ne. Kun san layin yankar kati, kun san kwana a kan tabarma a gindin gado. Wanke hannu da sabulu kafin a taɓa yaro, rufe abinci saboda ƙuda, adana takardun likita wuri ɗaya, duk kun san su. Ɗabi'a guda ce ta ƙi barinmu: ba yaro maganin gida a ɓoye alhali yana kwance a asibiti. Kada a yi haka.

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da Auta, ɗan shekara uku. Kwanansa biyu a ɗakin yara, mamansa na tare da shi. A gida kuwa tun asuba Gwaggo ta ɗora tukunya. Ta zuba ganyen darbejiya da ɓawon mangwaro da wata saiwa da maƙwabciya ta miƙo ta katanga.

"Ki ƙara jar kanwa," in ji maƙwabciyar. "Da irin wannan jiƙon na tashi nawa 'ya'yan duka. Ruwan ledar nan da suke rataya wa yaro, me zai yi masa?"

Gwaggo ta tace jiƙon, ta ɗura a gorar roba, ta tura ƙarƙashin kwanon tuwo, ta rufe kwando da zane. Baban Auta ya shigo daga gona, wari ya buge shi.

"Yaya, me kike dafawa haka?"

"Abin da uwarmu ta ba ka har ka girma. Ko ka fi ni son yaron ne?"

Ya sosa ƙeya ya yi shiru. Maƙwabciyar ta leƙo ta ce, "Ki bari sai nas ta fita, ki toshe masa hanci, zai haɗiye."

Da Gwaggo ta isa asibiti, ta gaisa, ta yi addu'a, sai ta jawo gorar. Maman Auta ta durƙusa ta riƙe mata hannu. "Gwaggo, ki yi mini haƙuri. Na san ƙauna ce ta sa kika tashi tun asuba. Amma taura biyu ba ta taunuwa. Bari mu nuna wa nas tukuna." Gwaggo ta ɓata rai, ta ce yaran zamani ba sa jin magana. Maman Auta ba ta saki gorar ba.

Maman Auta ta yi daidai, ga dalili. Likita yakan ɗora yaro a sikeli, ya auna magani daidai da nauyinsa. Jiƙo ba shi da ma'auni, kuma wadda ta dafa ba ta san ƙarfinsa ba. Hanta da ƙoda su ne masu tace duk abin da ya shiga jiki, ga shi ciwo ya riga ya gajiyar da su. In aka ƙara musu jiƙo, suna iya kasawa. Sannan yaron da ya galabaita ba ya iya haɗiya sosai. In aka yi masa ɗura, ruwan kan bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu, ya shaƙe shi ko ya jawo ciwon huhu. Kada a yi wa majinyaci ɗura.

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani allura ake fara yi masa, na aƙalla awa 24, sannan a ɗora da ƙwayoyi na kwana 3. Magani yana bukatar lokaci. In kin ga jikin bai sauka ba, ki kira nas. Kada ki aika kemis a sayo wani. Magungunan ruwa na yara da yawa suna da farasitamol a ciki, in ya haɗu da na asibiti ya yi yawa, yakan ɓata hanta. Haka nan in an ce kada yaro ya ci komai saboda tiyata, ko kunu cokali ɗaya kada a ba shi.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu ba da shawarar nan ba sa kwana a asibiti. Su aiko da gora, su koma barcinsu. In yaro ya rikice da tsakar dare, uwa ce ke gudu neman likita, likita kuma bai san abin da aka ba yaron ba.

Ku tuna Basamariyen da Yesu ya ba da misalinsa a Luka sura 10. Ya ɗaure wa wani mutum raunukansa a hanya, ya kai shi masauƙi, ya ba mai masauƙin dinari biyu, ya yi alkawarin biyan sauran. Ƙaunarsa ta ci masa lokaci da kuɗi. Tamu ma haka ya kamata. Zumuntar mata su karɓi uwa ta yi wanka ta runtsa. A duba yaran da aka bari a gida. Maza su ba da jini in ana bukata, su kama wa uban aikin gona. Ikkilisiya ta tara gudunmawar kuɗin magani. A yi addu'a da murya ƙasa-ƙasa, domin akwai wasu yaran a ɗakin. In uwar gadon kusa ba ta da mai kawo mata abinci, Kirista ce ko Musulma, a raba tuwon da ita.

In kuwa an riga an ba yaro wani abu, kada a ɓoye don kunya ko tsoron faɗa. A gaya wa nas yanzu, a nuna mata gorar. Duk abin da zai shiga bakin yaron da ke kwance a asibiti, sai da sanin nas ko likita.

Tambayoyi

1. Me Gwaggo ta ɓoye a cikin kwando?
2. Me ya sa ɗura take da haɗari?
3. Yaya za ki ƙi karɓar jiƙo daga babba ba tare da rashin kunya ba?
4. Rubuta ayyuka 3 da ikkilisiyarku za ta yi wa mai jinya.