Shin Maganin Gargajiyar Japan Na Kare Gwiwa Daga Amosani Bayan Rauni?

Wani matashi daga Sakwa ya rubuto cewa ya bugu a gwiwa wajen ƙwallo, kuma ya ji ana cewa Japanawa na da maganin gargajiya da ke hana amosanin gaɓa biyo bayan rauni. Yana son sanin gaskiyar maganar.

Sannu da jiki, ɗana, Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi kyau da ka tambaya tun da wuri. Kan ƙasusuwan gwiwa a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi. Idan jijiyar da ke riƙe gwiwa ta tsinke, ko faifan guringuntsin tsakiya ya yage, sai ƙasusuwan su riƙa gogar juna, gaɓar tana cinyewa a hankali. Kusan rabin masu irin wannan rauni kan gamu da amosani cikin shekara 10 zuwa 20.

Maganin da ka ji labari yana nan. Kampo ake kiran likitancin gargajiyar Japan, wanda ya samo asali daga Sin. Likitocin asibiti ne ke rubuta shi, kuma inshorar lafiyar ƙasar na biyan kuɗin haɗe-haɗe 148. Wanda ake ba masu kumburin gwiwa shi ne Boiogito, haɗin tsirrai 6, ciki har da citta, da wata 'yar'uwar magarya, da saiwar zaƙi mai suna likoris.

Masana a Jami'ar Showa da ke Tokyo sun gwada shi a kan ɓerayen da aka raunata wa gwiwa, suka ga ya rage lalacewar guringuntsi. A jikin mutane kuwa, abin da aka gani shi ne yana rage ruwan da ke taruwa a gwiwar wanda amosani ya riga ya kama. Rage kumburi daban, rigakafi daban, kuma na biyun ba a kai ga tabbatar da shi a jikin ɗan Adam ba.

Ka kuma kiyaye, kasancewar magani na itace ba ya nufin ba ya cutarwa. Yawan shan likoris na jawo hawan jini da kumburin ƙafa. Kada ka sayi ƙullin da ba shi da lambar NAFDAC.

Abin da zai fi yi maka amfani yana kusa da kai. Mai ɗori ya san karaya da targaɗe, amma tsinkewar jijiyar cikin gwiwa sai an yi hoto. Je asibitin tarayya da ke Azare a duba ka, in ta kama su tura ka Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka dage da atisayen ƙarfafa cinya da masu gashin ƙashi za su koya maka, ka kula da ƙiba, domin kowane kilo 1 da ka rage na sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a duk taku. Kada ka koma fili sai likita ya yarje maka.