Me ya sa taurari ke zama zare a hotona?

Tambaya: Madubin hangen nesana yana da injin bin taurari, amma duk hoton Kaza da 'Ya'yanta da na ɗauka, sai taurarin su fito kamar zare. Ina matsalar take? Mai karatu, Gwarzo.

Amsa: Malam, ba laifin kyamara ba ne. Duniya tana juyawa digiri 15 kowace awa, injin kuwa ba zai bi sama daidai ba sai an saita sandarsa ta fuskanci Tauraron Arewa. A nan ake shan wuya a yankinmu. Gwarzo tana wajen digiri 12 arewa da ikwaita, saboda haka tauraron ma digiri 12 kacal ya ɗaga daga ƙasa. Kuka guda ta isa ta kare shi, balle hazon hunturu.

Ka nemi fili inda arewa take a buɗe, ka sa ma'aunin injin a kan 12, ka kafa ƙafafunsa a ƙasa mai tauri, ban da yashi. In hazo ya rufe, ka nemo arewa da kamfas ɗin waya, ka taƙaita ɗauka zuwa 'yan daƙiƙoƙi, sannan ka haɗa hotunan da manhajar DeepSkyStacker, kyauta ce. Ka kuma duba batir tun kafin magariba.