DARASI: KAFIN KA SAYI ƊAKIN KWANTENA, KA SAN FILIN DA ZA KA AZA SHI

'Yan'uwa fatake, mu da ke zaune a unguwar Birikitiri cikin Yawunde mun san irin matsin da muke ciki. Gida kan gida, lungu kan lungu, babu wurin ɗaure ko ɗan maraƙi. Shi ya sa da yawanmu ke neman fili a ƙauye, wajen Obala ko Ntui, inda shanun da suka sauko daga Ngaundare za su huta kafin a kai su mayankar Etudi. Don makiyaya su sami makwanci, sai a sayi kwantenar da aka riga aka yanka wa ƙofa da taga, mota ta kai, a sauke.

Dabara ce mai kyau, amma fa mukan fara ta daga wutsiya. Ɗakin kuɗi ke sayensa a yini guda. Filin shi ne abin lura.

Na farko, dokar ƙasa ta Kamaru, wadda aka kafa ran 6 ga Yuli 1974, takarda ɗaya ta sani a matsayin shaidar mallaka, wato titir fonsiye. Galibin filayen ƙauye ba su da ita, suna ƙarƙashin kulawar gwamnati ne. Sayar da irin wannan fili bai halatta ba a idon doka, ko da mai gari ya sa hannu, ko da shaidu goma. Wannan cinikin biri a sama ne.

Na biyu, wanda ke da ikon neman titir kai tsaye shi ne ɗan ƙasar da ke zaune ko noma wurin tun kafin 5 ga Agusta 1974, ko magadansa. Saboda haka a bar mai fili ya fara samo takardarsa, sa'an nan a je gaban notar a yi ciniki, masu awo su yanka maka rabonka, su kafa duwatsun iyaka. In kuwa daji ne wanda ba mai aiki a kai, sai a nemi aron gwamnati na wucin gadi, wanda ba ya wuce shekara 5, bisa sharaɗin za ka raya wurin.

Na uku, wannan ya shafi 'yan'uwanmu na Nijeriya, Nijar da Cadi. Baƙo yana iya saye ko haya, amma sai ministan filaye ya sa hannu a takardar, kuma ba a yarda masa ba a yankin kan iyaka. Masu sa sunan aboki ɗan ƙasa su tuna: ranar da abokin ya rasu, da magada za a yi magana.

Na huɗu, a je ofishin magajin gari a nemi izinin kafa ɗaki, don dokar tsara gari ta 2004 ta tanadi izini har ga ginin wucin gadi.

Sai shi kansa ɗakin. Ƙaramar kwantena tsawonta wajen mita 6, babba mita 12. A duba ko hanyar ƙauyen za ta ɗauki babbar mota, don damina biyu ake yi a nan. A duba rufi da gindi saboda tsatsa. A aza ta kan tubalan siminti, kada ta taɓa ƙasa, a yi mata rumfar kwano a sama, in ba haka ba da rana tanda ce.

Wani zai ce, ai in rigima ta tashi sai in ɗauke abina. Gaskiya ne, kwantena tana ɗaukuwa. To rijiyar da ka haƙa fa? Shingen fa? Kuɗin filin fa?

Ba ma biyan kuɗin sa sai mun duba haƙora, mun san mai shi. Fili ma haka. Takarda tukuna, ɗaki daga baya. Allah ya ba mu kasuwa.