RUWA DA ABIN DA YA NARKE A CIKINSA

A ƙasar Baure, kamar sauran ƙasar Daura, ruwan da a ke sha galibi daga ƙarƙashin ƙasa ya ke fitowa. Wata rijiya ruwanta da daɗi, wata kuwa zartsi, alhali a ido duka garau su ke. Dalili shi ne, ruwa ya kan narkar da gishiri da kanwa na cikin ƙasa ya taho da su, ido bai gani ba.

Yadda Gishiri ke Sāke Halin Ruwa

Da fari ya kan ƙara masa nauyi. In aka saka ɗanyen ƙwai cikin ruwan daɗi, nutsewa zai yi. In aka zuba gishiri mai yawa aka motsa, sai ƙwan ya taso. Na biyu, ya kan jinkirta tafasarsa kaɗan, ya kuma jinkirta daskarewarsa. Ruwan daɗi a digiri 0 ya ke zama ƙanƙara, amma ruwan teku, mai gishiri kamar giram 35 cikin kowace lita, sai sanyi ya ƙara sauka wajen digiri 2.

Aikin Zafi

Zafi ya kan sa ruwa ya narkar da abu fiye da dā, amma ba kowane abu daidai ba. Ruwa giram 100 a digiri 20 zai narkar da sukari kamar giram 200, gishiri kuwa giram 36. In ya tafasa, zai ɗauki sukari fiye da giram 480, amma gishiri 39 kaɗai.

Sa'an nan zafi ya kan ɗauke ruwa ya bar gishirin a baya. Haka mutanen Bilma, a ƙasar Nijar, su ke samun nasu. Su kan bar ruwan zartsi cikin ramuka rana ta shanye shi, su kwashe gishirin su yi kantu, Buzaye su ɗauko a kan raƙuma zuwa ƙasar Hausa.

Abin da Ya Kamata a Sanar da Jama'a

1. Tafasa ruwa ta kan kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka wajibi ce. Amma ba ta fid da zartsi, sai ma ta ƙara shi, gama tururi ne ke tashi, gishirin na nan. Tacewa da ƙyalle ma ba ta tare abin da ya narke.

2. Yaro mai zawo, a ba shi garin ruwan gishiri da sukari na asibiti. In babu, a haɗa lita 1 ta ruwa da sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali, kada cokalin ya yi tozo. A tafasa ruwan tukuna, ya huce, sa'an nan a haɗa. Kada a mayar da shi kan wuta, domin gishiri in ya yi yawa ya kan cuci yaro.

3. Rijiyar da ɗanɗanon ruwanta ya sāke, mai unguwa ya gaya wa dagaci. Malamin hakimi ya rubuta sunan garin da ranar da aka lura, a kai wa duba-gari domin a auna ruwan.

Ana roƙon hakimai su sa a karanta wannan a gaban dagatai, su kuma su isar wa talakawa, musamman matan gida. Rigakafi ya fi magani.