Afil Idan Hukunci Ya Kasa Laifi

Mutane da yawa suna tsammani wanda aka ɗaure shi kaɗai ke da ikon yin afil. Ba haka ba ne. Mai gabatar da ƙara ma yana da iko ya ɗaukaka ƙara in ya ga an yi sassaucin da doka ba ta yarda ba.

A ce an kama wani mutum a hanyar Ambursa zuwa Argungu da buhunan tabar wiwi, da bindiga ɓoye a ƙarƙashinsu. Shari'ar kayan maye ba ta alƙalin gari ba ce. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ita ke kai shi Babbar Kotun Tarayya ta Birnin Kebbi. Dokarta ta yanka ɗaurin rai da rai ga mai fataucin hodar iblis da makamantanta, wanda aka same shi da ita a hannu kuwa shekara 15 zuwa 25. Dokar fashi da makami ta 1984 ta yanka wa mai bindiga ba lasin ɗaurin da bai kasa shekara 10 ba, ko tarar Naira 20,000, kuɗin da yau ba su sayen tunkiya.

Duk da haka akan ji joji ya ba da zaɓin tara, mutum ya biya, kafin kasuwa ta kewayo ga shi a gari. Talakan da ya tona shi kuwa barci ya ƙaurace masa, gobe ko ya gani ba ya faɗa.

To, hakimi ba shi da ikon sake kama wannan mutum, ba shi kuwa zai yi afil ba. Aikinsa ya sanar. Lalle magatakarda ya rubuta nan da nan: sunan mai laifi, da kotun, da ranar hukunci, da ko an taɓa ɗaure shi a baya. Kada a sa sunan wanda ya tona. A bi da takardar ta Majalisar Sarkin Gwandu zuwa Kwamandan NDLEA na Jiha, in kuwa batun bindiga ne, zuwa Atoni-Janar.

A lura da wa'adi. Kwana 90 ne daga ranar hukunci, ƙarinsa sai da hujja mai ƙarfi. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Sakkwato ba ta duban fushin jama'a, sai abin da ke rubuce, ta ga ko joji ya sauka daga kan doka.

Hakimin da dangin mai laifi suka zo wa don ya roƙar musu sassauci, sai ya sallame su.