Ladubban Fatauci a Ƙasar Baƙunta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wani ɗalibina a nan Indabo, wanda ya fara saro atamfa daga Kantin Kwari kuma yake shirin tafiya ƙasar Sin, ya tambaye ni ko ya halatta Musulmi ya bi al'adun kasuwar mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Na ga ya kamata in shimfiɗa amsar a wannan fili, domin a yau 'yan'uwanmu da yawa suna safara zuwa Maraɗi da Kwatano da Dubai da Guangzhou, wasu su dawo da riba, wasu kuwa su rasa uwar kuɗi, har da mutunci.

Asalin al'amarin

Fatauci zuwa wata ƙasa ba sabon abu ba ne a Musulunci. A cikin Suratu Ƙuraishi, Allah Ya ƙidaya tafiyar hunturu da ta bazara cikin ni'imominSa ga mutanen Makka, watau zuwa Yaman da zuwa Sham. Masu tarihi sun ce Hashimu, kakan kakannin gidan Annabi, shi ya fara ƙulla yarjejeniyar aminci da mahukuntan Sham da ƙabilun da ke kan hanya kafin ayari ya ratsa. Annabi kansa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya je Sham da dukiyar Nana Hadiza tare da Maisara tun kafin a aiko shi.

Gaskiya ne Ibnu Abi Zaid ya ambata a cikin Risala cewa makaruhi ne zuwa fatauci ƙasar abokan gaba. Amma masu sharhi sun bayyana dalili, shi ne tsoron kada a tilasta wa Musulmi abin da zai ɓata masa addini. Inda mutum zai shiga da aminci, ya yi sallarsa, ya sami abincin halal, malamai ba su ga laifin tafiyarsa ba.

Matsayin al'ada a shari'a

Sa'ad da Annabi ya isa Madina, ya tarar da mutanenta suna cinikin salam, watau a biya kuɗin dabino tun shekara ɗaya ko biyu kafin a karɓa. Bai rushe al'adar ba. Sai ya gyara ta, ya ce a yi da sanannen mudu, da sanannen ma'auni, zuwa sanannen lokaci. Buhari da Muslim sun ruwaito wannan daga Ibnu Abbas. Daga irin wannan ne malamai suka ciro ƙa'idar cewa ana hukunci da al'ada matuƙar ba ta saɓa wa nassi ba. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 1285, ya gargaɗi mai fatawa cewa idan baƙo ya zo masa da tambaya, kada ya ɗora shi a kan al'adar garin da ya tarar, ya fara tambayarsa al'adar garinsu. To, in an wajabta wa malami wannan, ina ga falke wanda dukiyarsa ce a kan faifai?

Darasi daga iyayenmu

Fataken da suka bi hanyar Gwanja neman goro sun san wannan tun da daɗewa. Madugu shi ke sanin hanya da sarakunan da ake biyan kuɗin fito. Idan ayari ya sauka a zangon Salaga, kowane falke yana da mai gida, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kaya bashi. La'adar da ake ba shi kuɗin saninsa ne na gari da mutanensa, gama baƙo ko da ido makaho ne. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a Kano a 1955, ya yi zaman Ankara, ya lura da yadda kasuwar bakin teku take tafiya, har ya shiga sahun farko na masu aiko da goro Ikko ta jirgin ruwa maimakon watannin tafiyar ƙasa.

Akwai kuma darasi mai ɗaci. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fita. Mutanenmu da dama da suka shekara ashirin ko talatin a can ba tare da sun kula da takarda ba suka karyar da kadarorinsu suka dawo. Daɗewa a gari ba ya maye gurbin bin dokarsa.

Abubuwa biyar da falke zai kiyaye

Na farko, ilmi kafin tafiya. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umaru ya hana wanda bai fahimci addini ba yin ciniki a kasuwarsu. Haka kuma harshe: Annabi ya umurci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa don kada a sauya masa magana. In ba ka iya harshen ba, nemi tafinta amintacce wanda ba ɗan kamashon mai sayarwa ba ne.

Na biyu, ma'auni. A Kwari turmin atamfa yadi 6 ne, alhali a ƙasashe da yawa da mita ake awo. Yadi 100 bai wuce mita 91 da ɗan ɗori ba. Wanda ya ƙulla ciniki yana nufin wannan, abokinsa yana nufin wancan, sun shuka rigima ba wanda ya yi niyyar cuta. Ko tiyar hatsi ma takan bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Na uku, rubutu. A kasuwar shanu ta Wudil ran Juma'a, kalmar dillali da shaidar jama'a sukan isa, domin kowa ya san gidan kowa. A ƙasar waje ba wanda ya san gidanka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. A rubuta irin kaya, da yawansu, da ranar miƙawa, da wanda hasara za ta hau kansa in sun lalace a hanya.

Na huɗu, lokaci. Masana'antun Sin sukan rufe na tsawon kwanaki saboda bikin sabuwar shekararsu, wanda yake faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Dubai kuma tun 2022 ta mai da hutun mako Asabar da Lahadi. Mai son kayan Salla ya lissafa wannan, kuma ya cika alkawarin sa'a, domin a wurare da yawa makara alamar rashin amana ce.

Na biyar, iyaka. Hausawa sukan ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura. Wannan a kan gaisuwa da shan shayi da yadda ake tayi ne. Bai shafi riba da giya da cin hanci ba. Idan aka kira ka walima, je ka, ka ci abin da ya halatta, ka ƙi sauran cikin ladabi. Canjin naira da sefa ko dala a yi shi hannu da hannu, ko abin da yake a matsayinsa na shigar kuɗi nan take. Biza kuwa alkawarin aminci ce, kuma farkon Suratul Ma'ida umurni ne da cika alkawura. Saboda haka rage farashi a takardar kwastan, da sa sunan wani kamfani a kan jabun kaya, da zarce wa'adin zama, duk ha'inci ne, ko da wanda aka ha'inta ba Musulmi ba ne.

Ya ɗan'uwa, ka tuna Musulunci ya iso ƙasar Hausa tare da Wangarawa, malamai kuma 'yan kasuwa, a zamanin Sarkin Kano Yaji. Kai ma duk inda ka baje kaya, da halinka za a auna addininka, kuma da shi za a karɓi ɗan garinku da zai zo bayanka ko a kore shi.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo da su lafiya, amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.