Roba da Leda a Cikin Kwaɓin Siminti

Duk mun san yadda ledojin ruwa da gorunan roba suke toshe magudanan ruwa da damina, kuma awaki da shanu kan haɗiye su su mutu. To, shin za a iya sa wannan shara a aikin gini? Masana sun gwada, sun ga ana iyawa, amma sai da awo.

Bari mu tuna yadda kwaɓi yake. Magini kan haɗa awo ɗaya na siminti da awo 4 zuwa 6 na yashi, ya zuba ruwa. Ruwan nan ne yake haɗuwa da siminti har ya sandare, ya riƙe kowace ƙwayar yashi. Bayan kwana 28 ne ake auna ƙarfinsa.

Hanya ta farko ita ce a wanke roba, a niƙa ta, a sa ta a madadin wani kaso na yashi. Kwaɓin yakan yi rashin nauyi, kuma zafi ba ya ratsa shi da sauri. Sai dai roba tana da santsi, ba ta shan ruwa, don haka siminti ba ya kama ta sosai. Gwargwadon yawanta, gwargwadon raguwar ƙarfin ginin. A shekarar 2018 masu bincike na Jami'ar Bath a Ingila da abokan aikinsu na Goa a Indiya sun nuna cewa ana iya musanya kashi 10 cikin 100 na yashin kankare da niƙaƙƙiyar roba, ƙarfin bai ragu sosai ba.

Hanya ta biyu dabam take. Akwai wani farin ruwan roba mai kama da madara, irin su SBR, da ake yi a masana'anta. Idan aka zuba shi a kwaɓi, yayin da kwaɓin yake bushewa sai ya zama siririn fata a ciki, ya toshe ƙananan ramuka. Wannan yakan ƙara danƙo, ya rage tsatsar ruwa. Shi ya sa ake amfani da shi wajen gyaran tsagewa da manna tayil.

Saboda haka kada mu yarda a zuba leda da ka a ginshiƙi ko dakin bene, domin rayukan mutane ne a ƙarƙashi. A fara da daɓen tsakar gida.

Gani ya kori ji. Mu buga ƙananan bulo uku: ɗaya ba roba, ɗaya kashi 10, ɗaya kashi 30. Mu riƙa yayyafa musu ruwa, bayan kwana 28 mu auna nauyinsu, mu ɗora musu kaya mu ga wanda zai fara fashewa.